Neman kalmar Hausa: me za mu kira ƙullutun mama wanda ba daji ba?

Mai fassara:

Assalamu alaikum, malamai da likitoci. An ba ni wata 'yar ƙasida ta wayar da kan mata game da ƙullutun mama domin in mayar da ita Hausa, kuma aikin ya tafi lami lafiya har na iso kan kalmomin Turanci biyu da suka cije, wato benign da hyperplasia. Ta farko na saba jin ana fassara ta da "mara illa" ko "mara cutarwa", ta biyu kuma na ga inda aka rubuta "girman ƙwayoyin halitta". Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba, domin ƙasidar da kanta ta ce daga cikin waɗannan larurori akwai wadda ke ninka haɗarin kamuwa da sankara, wato ciwon daji, har sau huɗu, kuma ban ga yadda zan kira abu mara illa a layi na farko, in dawo a layi na goma in ce kada a daina zuwa asibiti saboda shi ba. Ina neman kalmar da likita zai yarda da ita, wadda kuma mace da ba ta yi boko ba za ta gane idan an karanta mata. Abu ɗaya na riga na yanke wa kaina: zan riƙa cewa mama idan ina nufin gaɓar, in bar nono ga ruwan da jariri ke sha, don kada maganar ta cakuɗe.

Likitan gwajin nama:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba a raɗa suna kafin haihuwa, don haka bari in fara nuna muku abin da muke gani a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. A cikin kowane mama akwai sassa kamar 15 zuwa 20, kowanne da bututunsa da ke fita ta kan mama. Idan mutum ya bi bututun zuwa ciki zai ga yana rarrabuwa kamar rassan bishiya, har ya ƙare a wasu 'yan buhuna masu tarin yawa, waɗanda a nan ne ake yin nono. Yawancin cututtukan mama, na daji da waɗanda ba na daji ba, daga wannan ƙarshen reshe suke farawa.

Bangon bututun da na buhunan hawa biyu ne. Hawan ciki ƙwayoyi ne da suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar ramin, su ne masu yin nono idan lokacinsa ya zo. A bayansu akwai hawa na biyu, ƙwayoyi masu dogayen hannuwa da suka rungume buhun, waɗanda suke da halin tsoka. Idan jariri ya kama mama, ko ma uwa ta ji kukansa, ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin oksitosin, sai su matse buhun, nono ya zubo. Daga bayansu sai wani siririn tantani da ya zagaye komai. A wajen tantanin kuma akwai kitse, da jijiyoyin jini, da nau'i na uku na ƙwayoyi masu yin zaren da ke riƙe naman. Duk hukuncin da nake yankewa a wurin aiki yana komawa ga tambayoyi uku: wane nau'i ne ya yi yawa, wace irin kama ya ɗauka, kuma hawa na biyu da tantanin suna nan ko sun ɓace. Sankarar da ta kutsa cikin nama ba ta da wannan hawa na biyu, shi ya sa idan muna shakka mukan sa rini na musamman da ke fito da shi fili.

Malamin Hausa:

Allah ya saka da alheri, Likita. Bayaninka ya tuna mini cewa Bahaushe ya riga ya ga wannan siffa, domin shi ne ke cewa nonon inabi da nonon dabino idan yana nufin curin 'ya'ya a kan reshe ɗaya. Malam mai fassara zai iya aron wannan wajen kwatanta buhunan.

Sai dai kafin mu kai ga kalmomi biyun akwai tsohuwar rigima a kan ita ƙwayar kanta. Kalmar ƙwaya ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta: akwai ƙwayar cuta, da ƙwayar magani, da ƙwayar ido, da ƙwayar da matasa ke sha su bugu. "Ƙwayar halitta" kuwa masu fassara suna ba ta ma'ana biyu, wani lokaci wannan ƙaramin ginin da jiki ya haɗu da shi, wani lokaci abin da ɗa ke gada daga iyaye. Wasu sun gudu zuwa "tantanin halitta", kuma a ganina wannan kuskure ne, domin tantani fata ce siririya, ga shi kuma Likita yana buƙatar kalmar a ainihin muhallinta. Baturen da ya fara ba abin suna, Robert Hooke, a 1665, ya duba ɓawon wata bishiya ne ya ga kamar ƙananan ɗakuna, ya kira su da haka, amma idan muka ce "ɗakin jiki" babu wanda zai bi mu. Shawarata ita ce ƙwayar jiki ga wannan, ƙwayar gado ga wancan.

Nau'o'in uku kuma ba sa buƙatar aro. Na ciki su ne ƙwayoyin shafe, domin yadda magini ke shafe cikin ɗaki haka suka lulluɓe cikin bututu. Na biyu ƙwayoyin tatsa, tun da aikinsu ke nan. Na waje masu zare kuma masaƙa. Shi tantanin sai mu kira shi shinge a maganar yau da kullum.

Game da hyperplasia, "girma" bai yi ba ko kaɗan. Damtsen maƙeri ko na ɗan dambe yana girma ne domin kowace ƙwayar tsoka ta yi kauri, adadinsu bai ƙaru ba, kuma likitoci suna da wata kalma dabam ta wannan. Abin da ake nufi a nan shi ne ƙaruwar adadi, ƙwaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Hausa tana da kalmarsa tun fil azal, ita ce hayayyafa. Wani ɗalibina ya taɓa cewa shi ko a kalmar Turancin "haifa" yake ji a farkonta, na ce masa kunnensa ya yi sa'a, ko da yake asalinta Girkanci ne kuma ba ta da dangantaka da haihuwa.

Ungozoma:

Ina yi wa malamai sallama. Ni ba masaniyar harshe ba ce, amma ni nake zama da matan bayan likita ya fita. Akwai wata yarinya 'yar shekara 19 da ta ɓoye ƙullutu a mamanta na hagu fiye da shekara, ba ta gaya wa kowa ba sai da aka sa ranar aurenta. Girmansa kamar goro, santsi gare shi, kana taɓa shi yana zillewa daga ƙarƙashin yatsa, kuma ba ya mata ciwo. Da ƙyar mahaifiyarta ta yarda a sa allura a ɗebo nama, saboda maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe. Da sakamako ya fito, yayanta ya ɗauki takardar ya sa a waya ta fassara masa, wayar ta rubuta masa "ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa". Sun iso wurina uwar tana riƙe da takardar a naɗe cikin gefen mayafi, idanunta sun kumbura, alhali abin da ke rubuce shi ne faibiro-adinoma, ƙullutun da ya fi kowanne yawa a 'yan mata, wanda ba daji ba ne. Saboda haka ina goyon bayan ƙwayar jiki, kuma ina roƙon kada a kusanci kalmar yaɗuwa a nan, a bar ta ga sankarar da ta bar mama ta tafi hammata ko ƙashi ko huhu.

Ta ɗaya ɓangaren kuma "mara illa" ma tana da nata ɓarna. Duk macen da aka ce wa haka ta yi sallama da asibiti ke nan, ko da an rubuta mata ranar dawowa.

Mai fassara:

Na gode, Hajiya. Na karɓi ƙwayar jiki, da shafe, da tatsa, da masaƙa, da hayayyafa. Ƙasidar ta raba hayayyafar gida biyu, usual da atypical, kuma na yi niyyar in ce "ta al'ada" da "mara tsari". Ita benign kuwa, tun da Likita ya ce shinge ne ma'auni, me zai hana mu ce ƙari mara kutse, kishiyarsa kuma ƙari mai kutse?

Ungozoma:

Malam, ka yi haƙuri in tare ka. Idan ka rubuta "ta al'ada" a takardar mata, jinin wata za su fahimta, musamman da yake mama yana yin nauyi da tsami kafin zuwansa. Ka nemi wata kalmar.

Likitan gwajin nama:

Hajiya ta yi gaskiya, sai a ce hayayyafar gama-gari. Sauran biyun kuwa dole in ja da su, kuma zan ɗan tsawaita.

"Mara tsari" ta juya gaskiya a baibai. Mukan yanka naman sirara ƙwarai, kaurinsa kamar kashi 4 cikin 1000 na milimita, mu rina shi, cibiyar kowace ƙwaya ta yi shuɗi mai duhu, sauran ya yi ruwan hoda. A hayayyafar gama-gari sai ka ga bututu ya cika da ƙwayoyin shafe kamar kasuwa ranar cinta: wannan babba, wancan ƙarami, wannan ya hau kan wancan, wasu sun karkata gefe guda kamar ruwa na gudu, 'yan ramukan da suka rage kuma tsage-tsage ne marasa siffa a gefen bango. Wannan hargitsin shi ke kwantar mini da hankali, domin yana nuna jama'a ce gauraye. Wadda take tayar mini da hankali ita ce mai tsari: ƙwayoyi iri ɗaya sak, cibiyoyinsu zagayayyu, tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida kamar sojoji a fareti, ramukan kuma zagaye tsaf kamar na rariya. Kalmar da muke kiran wannan siffa da ita ma daga sunan rariya a Latin aka samo ta. Kamanninsu ɗaya ne domin zuri'ar ƙwaya ɗaya ce da ta sami sauyi ta yi ta maimaita kanta. Idan wannan hoto bai cika bututu biyu ba, ko bai wuce milimita 2 ba, shi ne atypical ɗin, kuma muna sa shi a cikin larurorin da ba daji ba. Idan ya wuce haka, sunansa ya sauya.

A nan ne "mara kutse" ta faɗi. Akwai sankarar da ta cika bututu amma ba ta fasa shinge ba tukuna, ƙwayoyin tatsa suna nan kewaye da ita. Ba ta yi kutse ba, amma ba ma kiranta benign, kuma fiɗa ake yi a cire ta. Wannan sai mu ce mata daji a gurbi. Kalmar Malam tana da amfani wajen raba daji a gurbi da daji mai kutse, amma ba za ta zama sunan da muke nema ba.

Dalilin da ya sa nake nacewa shi ne kalmar benign laima ce da ta rufe gida uku, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. A 1985 William Dupont da David Page na Jami'ar Vanderbilt a Amurka suka fitar da sakamakon bin mata 3,303 da aka yi wa gwajin nama, tsawon kimanin shekara 17, suka kasa larurorin bisa ga abin da ƙwayoyin shafe ke yi. A 2005 asibitin Mayo ya maimaita irin wannan aiki da mata 9,087, ya sami kusan abu ɗaya. Gida na farko babu hayayyafa a cikinsa, kuma kusan kashi biyu cikin uku na matan a nan suke. Misalinsa jakar ruwa, wato buhun da ya kumbura ya tara ruwa, wanda ƙwayoyin bangonsa kan rikiɗa su koma kamar na gumin hammata. Haɗarin wannan gida kusan daidai yake da na sauran mata. Gida na biyu akwai hayayyafa amma ta gama-gari, kusan kashi 30 cikin 100, kuma haɗarin bai kai ninki biyu ba. A nan ake samun ɗan tsiron nan da ke fitowa cikin babban bututu kusa da kan mama, wanda ke sa ruwa ko jini ya riƙa ɗiga. Gida na uku, wato na hayayyafar atypical, kashi 4 ne kawai cikin 100, amma haɗarinsa ya haura ninki huɗu, kuma ya shafi mama biyun, ba wanda aka yanka kaɗai ba. Ko a nan mafi yawa ba sa kamuwa: ƙiyasin da aka yi daga baya shi ne kamar mata 30 cikin 100 a tsawon shekara 25. Waɗannan alƙaluma na matan Amurka ne, kuma ya kamata ƙasidar ta faɗi haka.

Ƙullutun yarinyar da Hajiya ta ambata labarinsa dabam ne, domin masaƙa ne ke jagorantar hayayyafar, su yi ta saƙa har su matse bututun ya koma tsaga, ƙwayoyin shafe kuma su bi su. Yakan ƙaru da juna biyu, ya motse bayan ɗaukewar jini. Yana da ɗan'uwa da ba a cika gani ba, wanda Bajamushe Johannes Müller ya siffanta a 1838, mai tsiro kamar ganye idan an tsaga shi, shi kuma yana iya zama daji, don haka ƙullutun da ke girma da sauri ba a barinsa.

Malamin Hausa:

Na janye goyon bayan da na yi niyyar ba "mara kutse". Ga atypical ina ba da bauɗaɗɗiya. Na san za a ce ai Likita ya nuna mana tsari gare su, amma bauɗewa ba hargitsi ba ce. Ayari yana iya tafiya a jere, raƙumi bayan raƙumi, kuma ya kasance ya bauɗe daga hanya. Su waɗannan ƙwayoyi sun saki kamannin danginsu sun nufi wani wuri, ba su kai ba tukuna. Wani zai so a ce "mai kama da daji", kuma ta fuskar madubi ba ƙarya ya yi ba, sai dai kama da wane ba ta wane, kuma na tabbata Hajiya za ta ce da zarar mace ta ji daji ba za ta ji sauran jimlar ba.

Yanzu ga babbar kalmar. Asalin benign a Latin hali take siffantawa, mai kirki, kishiyarta kuma mai mugunta. Larabawa ma hanyar da suka bi ke nan, suna cewa hamid da habis, abin yabo da mummuna. Bahaushe ya riga ya mallaki rabin wannan tagwaye, domin mugun ƙari ba ya buƙatar bayani. Abin da ya rage shi ne kishiyar mugu. "Na gari" ta yi yabo da yawa, babu ƙarin da ake maraba da shi. "Lafiyayye" kuma tana karo da kanta, don za a ji kamar an ce ciwo mai lafiya. Wadda ta rage mini ita ce salihi, yadda muke cewa wane salihi ne, ba ya shiga harkar kowa, ba ya ƙetare iyakar maƙwabci. Salihin ƙari yana nan, ana jinsa, yana iya yin ciwo ko ya yi girman da zai sa a cire shi, amma ba halinsa ba ne ya ci naman da ke kusa ko ya yi tafiya.

Ma'aikacin jinya daga Maraɗi:

Gaisuwa ga malamai. A wajenmu takardun da Faransanci suke zuwa, kuma tagwayen iri ɗaya ne, bénin da malin. Mun saba cewa "ba mugu ba ne", don haka salihi ba za ta yi wa mutanenmu baƙunta ba. Kalmar kansa da kalmar daji duk ana jin su a nan. Abin da nake tsoro kawai shi ne kada kalmar ta fita daga asibiti ta shiga bakin masu tallar magani, kowa ya shafa ƙullutu ya ce salihi ne.

Likitan gwajin nama:

Tsoronka yana kan hanya, ɗan'uwa. Yatsa ba ya ba da wannan suna, ko na likita ne. Sai an haɗa abu uku, dubawa da hannu, da hoto, da gwajin nama idan ya kama, kuma sai sun yi daidai da juna. Na yarda da salihi bisa sharaɗi biyu. Na farko, a karon farko da ta fito a rubutu a bi ta da "wato wanda ba daji ba". Na biyu, kada ta tsaya ita kaɗai a takardar sakamako, a faɗi gidanta: babu hayayyafa, ko hayayyafar gama-gari, ko bauɗaɗɗiyar hayayyafa. Zan ƙara da cewa ba kowace larura ce ƙari ba. Jakar ruwa, da ƙurjin mai shayarwa, da kitsen da ya mutu bayan bugu duk ƙullutu ne a hannu, amma ba ƙari ba ne, don haka sunan babin gaba ɗaya ya zama larurorin mama waɗanda ba daji ba, a bar salihi ga ƙari.

Mai fassara:

Allah ya ƙara ilimi. Ga yadda sakin layin ya koma, a duba mini: "Yawancin ƙullutun da mace ke ji a mamanta ba daji ba ne. Wani jakar ruwa ce, wani salihin ƙari ne, wato wanda ba daji ba, amma gwaji ne kaɗai ke tabbatar da haka. Idan likita ya ce an ga hayayyafar ƙwayoyin shafe, ki tambaye shi ko ta gama-gari ce ko bauɗaɗɗiya, domin bauɗaɗɗiyar tana buƙatar a riƙa duba mamanki biyu a kai a kai." Faibiro-adinoma na bar ta da sunanta na aro, na bi ta da "ƙarin masaƙa", ko da yake na ga a Turanci har ɓeran mama ake ce mata saboda zillewarta.

Ungozoma:

Ɓeran nan dai a bar wa masu shi, Malam, babu macen da za ta yi barci idan aka ce mata da ɓera a ƙirjinta. Sakin layin ya yi, gyara ɗaya gare ni. "A kai a kai" ba ta da rana, kuma abin da ba shi da rana ba a zuwa. Ka rubuta "ki tambayi likita watan da za ki dawo, ki sa a rubuta miki a bayan katinki". Gobe ranar awo ce, zan karanta wa matan da ke layi in ji a wace kalma za su tsayar da ni.